Tarihin Sunan D.I.T.C.: Samarin Bronx da Suka Ci Suna da Tonon Tsofaffin Faya-fayai



Dukkanmu mun san yadda majalisar samari take samun suna. Ba a kiran taro, ba a zuwa ofishin rajista. Wani ne zai jefo kalma cikin raha a teburin mai shayi, a yi dariya, bayan wata uku sai ka ji duk unguwa da ita ake kiran su. Yawancin irin waɗannan sunaye ba sa daɗewa, da an ɗaura auren mutum biyu ko uku, ko wani ya tafi neman kuɗi wani gari, shi ke nan. Yau za mu kawo tarihin wani suna da aka samo ta irin wannan hanya a birnin Niyok na Amurka, amma ya haura shekara 30 ana kiran sa. Sunan shi ne D.I.T.C., na wasu mawaƙan hip-hop da masu haɗa kiɗa su takwas, waɗanda akasarinsu ba su taɓa zama 'yan gaban goshin gidajen rediyo ba.

Haruffan huɗu taƙaitawa ce ta Diggin' in the Crates, wato tono a cikin kiret. Kafin mu gane dalilin da zai sa samari su yi alfahari da irin wannan suna, sai mun koma farkon hip-hop ɗin kansa. A ranar 11 ga Agusta 1973 wani matashi haifaffen Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya yi kiɗa a wani biki a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, a yankin Bronx. Abin da Herc ya shahara da shi shi ne lura da cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru, ganga ta tashi ita kaɗai. Sai ya riƙa sayen faifan garmaho iri ɗaya guda biyu, yana maimaita wannan gaɓa daga wannan zuwa wancan. Daga nan darajar DJ ta koma kan irin faya-fayan da ya mallaka waɗanda abokan gasarsa ba su sani ba. Har jiƙa faifai ake yi a ruwa a ɓare takardar sunan da ke jiki, don kada wani ya leƙo ya karanta. Faya-fayan kuma a cikin kiret ɗin madara na roba ake jera su, a gida da shagunan 'yan gwanjo. Mai neman gaɓa mai daɗi sai ya tsuguna gaban kiret yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ƙura na shiga masa hanci, kamar yadda muke tsugunawa gaban dilar gwanjo muna neman riga mai kyau.

Zuwa ƙarshen shekarun 1980 aikin ya tashi daga wurin biki ya koma situdiyo. A 1987 kamfanin E-mu ya fito da na'urar SP-1200, wadda take tsakuro sauti daga faifai ta adana, a jera shi a kan sabuwar ganga. Daƙiƙa 10 kacal take iya riƙewa. Masu haɗa kiɗa suka samo dabara: su juya faifan da gudu fiye da yadda aka tsara shi lokacin tsakurowa, sannan su rage gudun a cikin na'urar, sai wurin ya ishe su. Tun da da yawa daga cikinsu na'ura iri ɗaya suke amfani da ita, abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne kunne da haƙurin tono.

A cikin wannan yanayi samarin da muke magana a kansu suka taso. Huɗu daga cikinsu, Diamond D da Lord Finesse da Showbiz da Fat Joe, 'yan rukunin gidajen gwamnati ɗaya ne na masu ƙaramin ƙarfi da ake kira Forest Houses, a unguwar Morrisania ta Bronx. Diamond D ya koyi aiki a hannun Jazzy Jay, ɗaya daga cikin manyan DJ na zamanin farko. Lord Finesse kuma ya haɗu da A.G. ne a fagen gasar baki a wata makarantar sakandare ta Bronx, suka kara, suka tashi abokai. Da Finesse ya fitar da kundinsa na farko, Funky Technician, a 1990, Diamond D da Showbiz na cikin waɗanda suka haɗa masa kiɗa, A.G. kuma ya sa murya. Ke nan suna aiki tare tun kafin su sami abin da za a kira su da shi.

Sunan ya fito ne daga bakin waƙa. A 1991 Showbiz da A.G. suka buga ƙaramin faifai da kuɗin aljihunsu, suna kai wa shaguna da kansu, har kamfanin Payday ya ɗauke su ya fitar da Soul Clap a 1992. A cikinsa akwai waƙa mai suna Diggin' in the Crates, wadda su biyun suka yi tare da Diamond D da Lord Finesse. Sunan waƙar ne ya liƙe wa mutanen da suka yi ta, daga baya aka taƙaita shi zuwa haruffa huɗu.

Lokacin da sunan ya fito ya zo daidai da wani hukunci da ya girgiza sana'ar. A Disamba 1991 wata kotun tarayya a Niyok ta yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie da kamfanoninsa saboda tsakure daga waƙar Gilbert O'Sullivan ba tare da izini ba, har aka janye kundin daga kasuwa. Bayan haka duk wanda ya ɗauko sanannen kiɗa sai ya biya, kuma kuɗin ba kaɗan ba. Wanda ya san faifan jazz da kowa ya manta da shi, ya iya yanka shi gunduwa-gunduwa ya sake jerawa, shi ne ya ci riba. A shekarun nan akan yi kasuwar tsofaffin faya-fayai a otal ɗin Roosevelt da ke Manhattan, inda manyan masu haɗa kiɗa ke sammako don kada wani ya riga su. Kiran kanka mai tonon kiret a wancan lokaci daidai yake da cewa kai ɗan gado ne a sana'ar.

Sauran mutum ukun sun shigo ne ta hanyar abota da aiki. Buckwild ɗan Bronx ne, mai haɗa kiɗa. O.C. ɗan Brooklyn ne, Buckwild ne ya haɗa akasarin kiɗan kundinsa na farko a 1994. Big L kuma yaro ne ɗan Harlem wanda ya tare Lord Finesse a wani shagon faya-fayai a titi na 125 a 1990, ya roƙe shi ya saurare shi. Finesse ya saurara, ya karɓi lambarsa, a 1992 ya sa shi a waƙarsa.

Abin lura a nan shi ne kowannensu da kamfanin da ya sa wa hannu. Showbiz da A.G. suna Payday, Diamond D yana ƙarƙashin Mercury, Fat Joe yana Relativity, O.C. yana Wild Pitch, Big L yana Columbia. Babu kamfanin da ya mallaki sunan D.I.T.C., babu kuma kwantiragin da ya tilasta wa wani ya taimaki wani. Duk da haka idan ka juya bayan kundin kowannensu, sunayen nan za ka gani. Diamond D ne ya haɗa kiɗan waƙar da ta kai Fat Joe matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin rap na mujallar Billboard a 1993. Finesse da Buckwild da Showbiz ne suka ɗauki nauyin kiɗan kundin Big L na 1995. Aikinsu ya kai ga manyan da suka fi su kasuwa: Showbiz ya yi wa KRS-One, Finesse da Buckwild sun yi wa Notorious B.I.G., Diamond D ya yi wa Fugees a 1996, Finesse ya sake yi wa Dr. Dre a 1999. Miliyoyin mutane sun ji kiɗansu ba su san sunan majalisarsu ba.

Sai a 1997 suka fara fitar da faifai da sunan ƙungiyar kanta, a ƙarƙashin nasu tambarin. Ana cikin shirin babban kundi na haɗin gwiwa, ranar 15 ga Fabrairu 1999, aka harbe Big L har lahira a titi na 139 a Harlem, unguwar da ya taso. Shekararsa 24. Har yau ba a hukunta kowa a kan kisan ba. Kundin ya fito a Fabrairu 2000 ta hannun kamfanin Tommy Boy, bai yi wata kasuwar kirki ba, kuma a cikin shekarar suka fitar da wani bugu na daban da kansu. Fat Joe a lokacin ya riga ya kafa tasa ƙungiyar, Terror Squad, wadda ta kai shi matsayi na ɗaya a duk Amurka a 2004. Duk mai kallo daga waje zai ce sunan ya zo ƙarshe.

Bai zo ba. Sun sake fitar da kundi a 2008, suka sake a 2016, da Fat Joe a ciki. Idan muka kwatanta da Juice Crew, ƙungiyar da Biz Markie ya fito daga cikinta, za mu ga bambancin. Sunan Juice Crew daga laƙabin mutum ɗaya aka samo shi, wato mai gabatar da shiri a rediyo Mr. Magic, kuma akasarin 'yan ƙungiyar suna ƙarƙashin kamfani ɗaya ne, Cold Chillin'. Da dangantaka da kamfanin ta yi tsami a farkon shekarun 1990, kowa ya kama gabansa. D.I.T.C. kuwa ba sunan shugaba ba ne, ba na unguwa ba, ba na kamfani ba. Sunan aiki ne, kuma duk wanda ya rage a cikinsu yana ci gaba da yin aikin, don haka babu ranar da sunan ya zama ƙarya a bakinsu. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma wannan linzamin kullum wurin kiret yake mayar da su.

Ba mu ce tarihin nasu babu tabo ba. Kalaman wasu waƙoƙinsu, musamman na Big L, cike suke da zagi da tashin hankali, ba abin da za mu so yaranmu su haddace ba ne. Akwai kuma tambayar da sana'ar tono ba ta gama amsawa ba, wato wane ne mai kiɗa. A 2012 Lord Finesse ya kai matashin mawaƙi Mac Miller kotu yana neman dala miliyan 10, saboda ya hau kan kiɗan wata waƙarsa ta 1995 ba da izininsa ba. Masu suka suka tuna masa cewa shi ma daga faifan makaɗin jazz Oscar Peterson ya tsakuro kiɗan. An sasanta a wajen kotu.

Tonon da sunan yake nufi ya iso har ƙasarmu. Tun daga farkon shekarun 2000 masu tara faya-fayai daga Turai da Amurka suke bin faya-fayan Najeriya na shekarun 1970. Kamfanin Strut na Landan ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, a 2013 kuma kamfanin Luaka Bop na Niyok ya sake buga waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, wanda yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba sai da baƙi suka tono shi. Da yawa daga cikinmu akwai kwalin kaset ko faifai na iyaye a ƙarƙashin gado ko a sito, ruwa da gara suna cin sa. Kafin a zubar, ya kamata a buɗe a duba abin da ke ciki.

A 2020 kamfanin Motown, wanda faya-fayansa na cikin waɗanda samarin Bronx suka taso suna tonowa a kiret ɗin gwanjo, ya ba Lord Finesse damar taɓa ainihin faifan ajiyarsa, ya sake haɗa wasu tsofaffin waƙoƙi, aka fitar da su da sunansa a jiki. Shekara 30 ke nan cif bayan kundinsa na farko.

Ga samarinmu masu haɗa ƙungiyoyin waƙa, waɗanda sau da yawa rigimarsu ta farko a kan suna da shugabanci take tashi tun kafin a yi waƙa uku, tarihin nan ya nuna cewa waɗancan sun yi shekara biyu suna yi wa juna aiki kafin sunan ya zo. Duk wanda ya san wata majalisa ko ƙungiya a garinsa da sunanta ya daɗe haka, muna so ya ba mu labarin yadda aka samo shi.