Duwatsu masu aman wuta da ke kewaye da Yola: Abin da samfuransu ke nunawa

Biranen Yola da Jimeta suna zaune ne a kan dutsen yashi da masana ke kira Bima, wanda ya taru a kwarin Binuwai kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce. Sai dai a yankin Song da ke arewa da Yola, da tsaunin Lunguda da ke wajen Guyuk, akwai baƙin dutse mai nauyi da ake kira basalt, wanda asalinsa narkakken dutse ne da ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa ya daskare.

Masana na danganta waɗannan wurare, da tsaunin Biu na Jihar Borno, da jerin duwatsu masu aman wuta na Kamaru, mai tsawon kimanin kilomita 1,600. Dutsen Kamaru, wanda ke cikin jerin, ya yi aman wuta a 1999 da 2000.

Domin sanin tarihin irin wannan dutse, akan fasa samfuri daga cikinsa, inda ruwa da rana ba su ci ba, a goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, sannan a duba shi da na'urar ƙara girman gani. Ƙananan ƙwayoyi alama ce ta cewa ya huce da sauri a doron ƙasa. Awon sinadaran fotashiyam da agon kuwa shi ke bayyana shekarunsa. Ta haka aka gano cewa aman wutar Biu ya faru ne tsakanin kimanin shekaru miliyan 5 zuwa ƙasa da miliyan 1 da suka shige.

Shirun dutse ba ya nufin haɗarinsa ya kau. A ranar 21 ga Agusta, 1986, Tafkin Nyos na Kamaru, wanda ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, ya saki iskar kabon dayoksaid da ta hallaka mutane fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Fargabar ɓallewar tafkin na daga cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba.

A Adamawa kuwa, abin da jama'a suka fi sani game da wannan dutse shi ne amfaninsa: idan ya ruɓe yakan bar baƙar ƙasa mai albarka, wadda ke karɓar dawa da auduga.