Cin Rani da Lafiyar Matanmu

Duk lokacin da muka zauna ba da tarihin cin rani, labarin maza muke bayarwa: wanda ya tafi Kumasi ya dawo da keke, wanda ya dawo daga Abijan da rediyo. Ba safai muke tambayar halin da matar gida ta shiga ba.

Tafiyar ta ƙarfafa ne a zamanin mulkin Faransa, sa'ad da aka ɗora wa talaka lanho na tsabar kuɗi, ga kuma aikin tilas da ba a soke ba sai a 1946. Da an cire amfanin gona, samarin Adar da Arewa da Damagaram sai su nufi kudu. Farin 1973 da na 1984 suka mayar da tafiyar wata uku ta koma ta shekaru.

Mace ce ta biya sauran kuɗin da jikinta. Daka nata, ɗiban ruwa nata, itace nata, ko da da tsohon ciki. A wasu gidaje maigida kan rufe rumbu kafin ya tafi, domin hatsin ya kai damina, sai ita da yara su dogara da ɗan abin da ta samo, tamowa ta kama na goye. In naƙuda ta yi tsawo, babu mai ba da izinin kai ta likita, babu kuɗin amalanke. Da yawa ta haka suka gamu da yoyon fitsari. Maigidan kuwa wani lokaci tsarabarsa kan haɗa da tarin fuka ko ciwon sanyi, daga baya sida.

Da aiken maza ya kasa riƙe gida, mata suka kama hanya da kansu. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu mutanen yankin Kance ne.

Ba mu ce a daina neman halal ba. Amma wanda zai tafi, ya bar mabuɗin rumbu a hannun matarsa, ya bar mata kuɗin magani, ya kuma faɗa a gaban dangi cewa ta je likita ba sai ta jira izninsa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Sahara.