Tarbar Baƙon Dauro: Tarihin Kula da Cututtukan Yara a Arewacin Togo

Gabatarwa

Wannan muƙala za ta bi sawun yadda kula da cututtukan yara ya sauya a yankin Pagala da Sokode da Dapango na ƙasar Togo. Abin da take son nunawa shi ne, a cikin shekaru sittin an tashi daga jiran cuta ta bayyana a jikin yaro, an koma tarbarta tun tana kan hanya, kuma kowane mataki ya dogara ne a kan idon uwa.

Hausawa a Yankin

Tun kafin zuwan Turawa fatake daga Kano da Katsina ke ratsa wannan ƙasa zuwa Salga ta Gwanja neman goro. Wasu ayarin kan bi ta Borgu su yada zango a ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didawure ta Sokode ta bunƙasa. Wasu kan bi ta arewa, ta Sansanin Mango, kudu da Dapango. Pagala kuwa ta shahara ne daga baya, da Faransawa suka kai layin dogo daga Lome zuwa Blitta. A zangunan waɗannan garuruwa Hausa ta zama harshen kasuwa, sunayen cututtuka na Hausa kuma suka zauna tare da masu ita.

Abin da Sunaye ke Faɗi

Ɗalibin Hausa zai lura cewa yawancin waɗannan sunaye bincike ne a taƙaice. Sanƙarau ya kama alamar cutar, wato sanƙarewar wuya. Shan inna ya kama dalilin da aka zata, wato iskar da ake kira Inna ce ta shanye ƙafar yaro. Agana ana ce mata 'yar rani, saboda lokacin zuwanta. Ƙyanda kuwa ana sakaya ta da baƙon dauro, domin baƙo ba a korarsa, lallaɓa shi ake yi har ya tafi. Shi ya sa akan killace yaro a ɗaka, a jira ƙuraje su gama fitowa. Magabata sun iya gane cutar sarai. Abin da ya gagare su shi ne abin da ke biyo bayanta, wato gudawa da ciwon huhu da tamowa da makanta, waɗanda su ne ke halaka yara ko nakasa su.

Zamanin Gangami

A shekarar 1967 aka shiga gangamin kawar da agana da rage ƙyanda a ƙasashe ashirin na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Togo da Nijeriya da Nijar, bisa tallafin Amurka. Ma'aikata suna bin gari-gari da na'urar allura mai kama da bindiga. Agana ta faɗi: a 1970 aka ga ta ƙarshe a yankin, a Nijeriya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta kawar da ita daga doron ƙasa. Ƙyanda kuwa ta ja da baya ta dawo. Dalili shi ne ta fi agana saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, kuma kowace shekara ana haifar sababbin yaran da gangamin bara bai riska ba.

Irin wannan darasi ne ya sa a 1974 hukumar ta kafa shirin rigakafi na yau da kullum a kan cututtuka shida: ƙyanda, shan inna, tarin fuka, tarin shiƙa, mashaƙo da sarƙe-haƙora. Rigakafi ya zama aikin ƙaramin asibitin ƙauye, uwa ta zama mai riƙe da katin ɗanta.

Duba Yaro Gaba Ɗaya

A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin duba yaro gaba ɗayansa, domin an lura yaro kan zo da cuta biyu ko uku a haɗe, ga shi kuma babu likita a yawancin ƙauyuka. Ma'aikacin lafiya zai fara neman alamomin haɗari: kasa shan nono ko ruwa, amayar da duk abin da ya ci, jijjiga, da galabaita ko fita hayyaci. Ɗaya daga ciki ta isa a tura yaro babban asibiti, kamar na Sokode ko na Dapango, ba tare da jinkiri ba. Mai tari akan ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Idan ya kai 50 ga ɗan wata biyu zuwa goma sha ɗaya, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, to ana ɗaukarsa ciwon huhu ne. Mai gudawa akan ba shi ruwan gishiri da sukari, daga baya aka ƙara da ƙwayar zinki. Mai ƙyanda akan ba shi bitamin A domin kare ido da rai. Daga 2010 kuma aka ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, tunda ba kowane zafin jiki ne nasa ba.

Gwajin Togo na 2004

A watan Disamba na 2004 Togo ta yi abin da ba a taɓa yi a faɗin wata ƙasa ta Afirka ba. A gangami guda aka ba yara 'yan wata 9 zuwa 59 allurar ƙyanda da ɗigon shan inna da maganin tsutsar ciki, sannan aka raba gidan sauro mai magani kyauta. 'Yan sa-kai na ƙungiyar Red Cross suka bi gida-gida suna kiran iyaye. Hikimar ita ce, uwar da ta fito domin gidan sauro za ta koma da ɗanta an yi masa allura. Gidajen da suka mallaki irin wannan gidan sauro suka tashi daga ƙasa da kashi 10 zuwa sama da kashi 60 cikin 100. Sai dai binciken farko, wanda aka yi da rani, ya nuna yaran da suka kwana a ciki ba su kai rabi ba. Rabawa aikin hukuma ne na mako guda, ratayawa kuwa aikin gida ne na kowane dare.

Mataki na gaba ya zo a 2012, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi kowane wata a lokacin damina. A Togo ana yin wannan a yankunan Savanes da Kara da Centrale, wato daga Dapango har Pagala. Ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko, na sauran kwana biyun kuwa a hannun uwa ake bari.

Kammalawa

An ga yadda sunayen gargajiya suka adana alamomi da lokutan cututtuka, da yadda gangami ya kawar da agana amma ya kasa ƙyanda sai da aka haɗa shi da rigakafin kullum. An kuma ga cewa tsarin zamani na gane cuta a ƙauye ya ginu a kan abin da ido ke gani da abin da uwa ta faɗa. Don haka akwai aiki a gaban ɗalibin Hausa: tattara kalmomin da matan zango ke siffanta ciwon 'ya'yansu da su, domin ma'aikacin da bai san abin da ake nufi da baƙon dauro ba zai iya sallamar yaron da ya kamata a garzaya da shi asibiti.