Tarihin Maƙala Faifai da Shiga Kwamfuta Daga Nesa a Tsarin Unix

Wasu daga cikin matsalolin da masu girka babbar manhajar kwamfuta suke fama da su a yau, musamman idan daga nesa ake aikin a kan na'urar da babu kowa a gabanta, gado ne na shawarwari biyu da aka yanke a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin Unix a 1969. Ta farko ita ce a tattara dukkan fayiloli a ƙarƙashin tushe guda, ta yadda duk faifan da aka ƙaro sai an maƙala shi a wani reshe na tushen kafin a iya karanta abin da ke cikinsa, kuma umarnin mount da ke yin wannan aiki yana cikin littafin jagora na farko na 1971. Ta biyu, wadda tasirinta ya fi zurfi, ita ce a ɗauki kowace na'ura, faifai ne ko firinta ko injin rubutu, tamkar fayil, a ajiye sunanta a jakar /dev.

An shafe kusan shekaru talatin ana ƙirƙirar waɗannan fayilolin na'urori da hannu ta hanyar umarnin mknod, kowanne da lambobi biyu, ɗaya tana nuna direban da ke kula da na'urar, ɗaya kuma tana ware ta daga 'yan'uwanta. Da na'urori suka yawaita, jakar ta cika da dubban sunayen abubuwan da ba ma sa cikin kwamfutar. Richard Gooch ya kawo devfs a Linux domin magance haka, amma ba a daɗe ba aka cire devfs a 2006, bayan udev na Greg Kroah-Hartman ya bayyana a 2003, sannan devtmpfs ya zo a 2009. Tun daga nan /dev ta daina zama a kan faifai, domin ƙwayar tsarin, wato ɓangaren da ke hulɗa kai tsaye da na'urori, ita ce ke gina ta a ƙwaƙwalwar kwamfuta duk lokacin da aka kunna. Gyara ne mai kyau ƙwarai, sai dai ya bar mai girki da sabon nauyi. Idan ya shiga sabon faifai da chroot, dabarar da ta zo a bugu na bakwai na Unix a 1979 domin sa wata jaka ta zama tushe, zai tarar da /dev kusan wayam, kuma muddin bai maƙalo ta daga tsarin da ke gudana ba tare da /proc da /sys, manhajar tayar da kwamfuta irin GRUB ba za ta gane faifan da za ta zauna a kai ba.

Shiga daga nesa tana da nata tarihin. Telnet, wanda ya samo asali a 1969 a zamanin ARPANET, da rlogin na 4.2BSD a 1983, duk suna aika kalmar sirri a fili, har sai da aka yi wa hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki kutse na satar kalmomin sirri, abin da ya sa Tatu Ylönen ya rubuta SSH a 1995, sannan masu OpenBSD suka fitar da OpenSSH a 1999.

A nan ne tarihin biyu suka haɗu, domin duk da ɓoye saƙo da SSH ke yi, Unix har yanzu yana sa ran mai amfani yana zaune ne a gaban injin rubutu irin Teletype, don haka dole a ƙaga masa injin kwaikwayo, wanda tun Linux 2.2 a 1999 yake zaune a /dev/pts, tsarin fayiloli mai zaman kansa a cikin /dev. Maƙalawa ta yau da kullum ba ta ɗauko abin da aka maƙala a ƙarƙashin jaka, sai an yi amfani da zaɓin rbind. Wanda ya manta da wannan yayin maƙalo /dev cikin chroot, idan ya shiga ta SSH, zai ga an karɓi kalmar sirrinsa daidai, amma a ƙi ba shi wurin rubuta umarni, kuma sau da yawa zai ɓata lokaci yana zargin hanyar sadarwa alhali laifin yana cikin /dev.