Mace da Hanyar Makka: Daga Zamanin Zubaida Zuwa Yau

Idan 'yan uwa mata suna zancen inda mace za ta iya zuwa ita kaɗai, ba kasafai ake ambaton Makka ba, alhali kuwa mace ce ta gyara ɗaya daga cikin manyan hanyoyinta. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta rasu a 831, ta zuba dukiyarta wajen haƙa rijiyoyi da gina tafkuna da masaukai tsakanin Kufa da Makka, tafiyar kusan kilomita 1,400. Har gobe da sunanta ake kiran hanyar.

Batun muharrami kuwa, tun can malamai suka yi saɓani a kansa. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya yarje wa macen da ba ta sauke farali ba, kuma ba ta da muharrami, ta bi ayarin mata. Duk da haka, a 2012 hukumomin Saudiyya sun tsare maniyyata mata 'yan Nijeriya kimanin 1,000 a filayen jirgin saman Jidda da Madina saboda rashin muharrami, aka mai da da dama gida bayan sun sha wahalar tara kuɗin kujera.

Sai a 2021 Saudiyya ta ba mata damar yin rajista cikin rukuni, sannan a 2022 Ministan Aikin Hajji ya sanar da janye sharaɗin. Saboda haka, 'yar uwa mai niyya ta bincika amincin masauki da na abokan tafiya, ta kuma tuntuɓi malaminta kafin ta ɗaura kaya.