Tarihin Sifaniyanci da Ajaminsa ta Fuskar Birane Huɗu

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Sifaniya, wadda take kudu maso yammacin Turai, tana cikin ƙasashen da suka fi karɓar baƙi a duniya. A shekarar 2019 kaɗai baƙi fiye da miliyan 83 suka ziyarce ta, alhali mutanen ƙasar duka-duka ba su kai miliyan 50 ba. Akasarin waɗannan baƙi bakin teku suke nufa domin shan iska. Sai dai akwai masu bin tsofaffin birane domin ganin kayan tarihi, akwai kuma ɗalibai da ke zuwa takanas domin koyon harshen ƙasar daga bakin masu shi. Daga cikin biranen da waɗannan rukunoni biyu suka fi yada zango akwai Ƙurɗuba da Toledo da Salamanka da Garnaɗa, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya wurarensu na tarihi cikin jerin kayan gadon duniya tsakanin 1984 da 1988.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi waɗannan birane ɗaya bayan ɗaya, ta nuna rawar da kowannensu ya taka a tarihin harshen Sifaniyanci. Za a ga yadda karin harshen wasu mutanen kan duwatsu ya zama harshen uwa ga mutane kusan miliyan 500, sannan a ga yadda ikon da ya ɗaukaka shi ya kashe wani salon rubutunsa, wanda sunansa da na Ajamin Hausa suka fito daga tushe ɗaya.

2.0 Asalin Harshen

Rumawa sun fara sauka a wannan yanki a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, suka kuma mallake shi ƙarnoni da dama. Harshensu na Latin ya maye gurbin harsunan da ya tarar, in ban da Baskanci da ya tsira a arewa har yau. Bayan rushewar daular Rum, Latin ɗin da talakawa ke magana da shi ya rarrabu zuwa karuruwa daban-daban. Ɗaya daga cikinsu shi ne karin Kastila, wani ƙaramin yanki mai duwatsu a arewacin ƙasar. Wannan kari ne ya zama abin da ake kira Sifaniyanci, shi ya sa har yanzu mutane da yawa suke kiran harshen da sunan Kastila.

A wancan zamani ana magana da waɗannan karuruwa a gida da kasuwa, amma rubutu da ibada da shari'a duk da Latin ake yin su. Daga cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da aka samu akwai 'yan bayanai da wani malamin Kirista ya yi a gefen wani littafin Latin, a gidan ibada na San Millan da ke yankin Riyoha, wajejen ƙarshen ƙarni na 10 ko farkon na 11. Ya yi su ne domin fayyace kalmomin da suka yi wuya, kwatankwacin yadda almajiri ke rataya ma'ana da Hausa a gefen littafin Larabci.

3.0 Ƙurɗuba: Zamanin Cuɗanya

A shekarar 711 Ɗariƙu ɗan Ziyad ya ƙetaro daga Afirka ta Arewa da rundunarsa, cikin 'yan shekaru kuma mafi yawan ƙasar ta koma hannun Musulmi, aka kira ta Andalus. Abdurrahman na Farko ya kafa daular Umayyawa a Ƙurɗuba a 756, ya kuma fara ginin babban masallacin birnin wajejen 785. Abdurrahman na Uku ya ɗauki laƙabin halifa a 929. Wannan masallaci, wanda aka mayar coci bayan Kiristoci sun ci birnin a 1236, shi ne abin da ya fi jawo baƙi zuwa Ƙurɗuba.

Larabci ya zama harshen mulki da ilmi, har ta kai wani marubuci Kirista mai suna Albaro ya koka, a tsakiyar ƙarni na 9, cewa samarin Kiristoci sun fi ƙwarewa a Larabci bisa ga Latin. Duk da haka, talakawa, Musulminsu da Kiristansu da Yahudunsu, sun ci gaba da magana da karin da suka gada daga Latin. Larabawa suna kiran wannan kari Ajamiyya, wato harshen da ba Larabci ba. Mawaƙan Andalus sukan rufe wani nau'in waƙa da ake kira muwashshah da 'yan baitoci cikin wannan harshe na talakawa, a rubuce da haruffan Larabci ko na Ibrananci. Sai a 1948 wani masani mai suna Samuel Stern ya warware karatun wasu daga cikinsu, aka gane cewa suna cikin waƙoƙi mafi daɗewa da aka adana a harsunan da Latin ya haifa.

Wannan doguwar cuɗanya ta bar wa Sifaniyanci kalmomin aro da masana suka ƙiyasta sun kai kimanin 4,000, idan aka haɗa da sunayen wurare da kalmomin da aka tsiro daga cikinsu. Abin sha'awa ga mai nazarin Hausa shi ne, harsunan biyu sun bi hanya ɗaya wajen aro, domin duka sukan haɗiye harafin "al" na Larabci ya zama ɓangaren kalma. Kamar yadda Hausa take da alƙalami da albasa da aljihu, haka Sifaniyanci yake da "algodón" (auduga) da "almohada" (matashin kai). Wani lokaci ma kalma ɗaya suka ara. "Alcalde", wato magajin gari, tushenta ɗaya da alƙali. "Azúcar" ita ce sukari, "aceituna" kuma zaitun. "Albricias", wato tukuicin da ake ba wanda ya kawo labari mai daɗi, 'yar uwar albishir ce, kuma ma'anarta daidai take da goron albishir.

Bugu da ƙari, Andalus ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatu na ƙasar Hausa. Riwayar Muwaɗɗa da aka fi karantawa ta Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba. Alfazazi mai Ishiriniya, wanda ya rasu a 1230, mutumin Andalus ne. Ibn Malik mai Alfiyya an haife shi a Jayyan, Ibn Asim mai Tuhfa kuwa alƙalin Garnaɗa ne.

4.0 Toledo: Zamanin Fassara

Halifancin Ƙurɗuba ya wargaje a 1031, ƙasar ta rabu zuwa ƙananan masarautu. A 1085 sarki Alfonso na Shida na Kastila ya ci Toledo, wadda Larabawa ke kira Ɗulaiɗila. Ya tarar da littattafan Larabci masu yawa da kuma jama'a masu jin harsuna biyu ko uku. A ƙarni na 12 malamai daga sassan Turai suka yi ta kwararowa birnin domin fassara waɗannan littattafai zuwa Latin. Mafi shahara a cikinsu shi ne Jerad na Kiremona, wanda ya rasu a 1187, bayan ya fassara littattafai fiye da 70, ciki har da Alƙanun na Ibn Sina a fannin likitanci.

Sau da yawa mutum biyu ne suke aikin. Wanda ya san Larabci, Bayahude ko Kirista ɗan ƙasa, yakan faɗi ma'ana da baki cikin harshen talakawa, abokin aikinsa kuma ya mayar da ita Latin a rubuce. Ke nan harshen Kastila tsani ne kawai a tsakani. Sarki Alfonso na Goma, wanda ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, shi ya sauya wannan tsari, domin ya sa a riƙa tsayawa a harshen Kastila a rubuta da shi. Tun yana yarima, wajejen 1251, aka fassara masa Kalila wa Dimna. A zamaninsa aka rubuta littattafan shari'a da tarihi da ilmin taurari cikin harshen. Wannan aiki ya tilasta wa marubuta ƙirƙiro kalmomin fannu da daidaita ƙa'idojin rubutu, ya kuma tabbatar da cewa harshen kasuwa yana iya ɗaukar ilmi mai zurfi muddin aka aza masa.

5.0 Salamanka: Zamanin Nahawu

An kafa jami'ar Salamanka a 1218, tana kuma cikin tsofaffin jami'o'in Turai. A nan ne wani malamin Latin mai suna Antoniyo de Nebriha, wanda ya yi karatu a Italiya, ya buga nahawun harshen Kastila a watan Agusta na 1492. Shi ne nahawu na farko da aka buga na wani harshe daga cikin 'ya'yan Latin. Kafin nan ana ganin harsunan ilmi irin su Latin da Girkanci ne suka cancanci nahawu, tun da harshen gida a nono ake shan sa.

A gabatarwar littafin, wadda ya sadaukar ga sarauniya Isabela, Nebriha ya kafa hujja da cewa harshe da mulki tare suke tashi, tare suke faɗuwa, kuma al'ummun da za a mallaka za su buƙaci koyon harshen masu mallakarsu. Ya keɓe kashin ƙarshe na littafin ga baƙi masu son koyon harshen. Bayan wata biyu Kolumbus ya isa tsibiran Amurka, daga nan harshen ya bazu har ya zama na hukuma a ƙasashe kimanin 20, ciki har da Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Nijeriya ta teku. A 1713 aka kafa hukumar kula da harshen a Madrid. Jami'ar Salamanka ta fara koyar da baƙi harshen a tsare a 1929, a 1991 kuma gwamnati ta kafa Cibiyar Sarbantes domin yaɗa shi a ƙasashen waje.

6.0 Garnaɗa: Doka da Ajami

Shekarar da aka buga nahawun ita ce shekarar da daular Musulmi ta ƙarshe ta faɗi. Ranar 2 ga Janairu 1492 sarki Abu Abdullahi ya miƙa Garnaɗa da fadarta ta Alhambra ga Fardinan da Isabela, bisa yarjejeniyar cewa za a bar Musulmi da addininsu da shari'arsu. A watan Maris na shekarar aka ba da dokar korar Yahudawa. Alkawarin da aka yi wa Musulmi bai daɗe ba. Daga 1499 babban limamin coci Sisneros ya fara tilasta wa mutane sauya addini, ya kuma sa aka ƙone littattafan Larabci a dandalin birnin. A 1502 aka ba Musulmin Kastila zaɓi tsakanin shiga Kiristanci da barin ƙasa, a 1526 dokar ta kai ga na Aragon. Waɗanda suka zauna aka kira su Moriskawa.

Mutanen Garnaɗa da Balansiya sun riƙe Larabcinsu, amma Musulmin Kastila da Aragon sun daɗe da rasa shi, da harshen maƙwabtansu Kiristoci suke magana. Domin su adana addininsu sai suka riƙa rubuta wannan harshe da haruffan Larabci. Wannan rubutu shi ake kira "aljamiado", daga kalmar nan ta Ajamiyya. Tun a 1462 Isa ɗan Jabir, malamin Musulmin Segobiya, ya rubuta taƙaitaccen littafin fiƙihu cikin harshen Kastila domin mutanensa. Na bayansa suka rubuta tafsiri da addu'o'i da ƙissoshin annabawa da magunguna. Sun kuma yi dabarun cike giɓin sautukan da Larabci ba shi da su, misali sukan ɗora shadda a kan harafin ba domin nuna sautin "p", kamar yadda malaman Hausa suka yi amfani da imala domin wasalin "e".

A 1567 sarki Filib na Biyu ya ba da dokar da ta haramta wa Moriskawan Garnaɗa magana da Larabci da rubutu da shi, aka ba su shekara uku su koyi harshen Kastila. Wannan ya haddasa tawayen Alfuharas daga 1568 zuwa 1571. Mallakar takarda mai haruffan Larabci ta zama abin da ke iya kai mutum gaban kotun coci. Daga ƙarshe, tsakanin 1609 da 1614, aka kori Moriskawa kimanin 300,000, yawancinsu zuwa Afirka ta Arewa. Har kalmar "algarabía", wadda asalinta Al'arabiyya, ta koma tana nufin hayaniya marar ma'ana a Sifaniyanci.

Da tafiyar masu shi, Ajamin Sifaniya ya ɓace har aka manta da shi. A 1884 magina da ke gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonasid, a lardin Saragosa, suka tarar da tarin littattafai a ɓoye ƙarƙashin daɓen katako. Wasu sun salwanta kafin a gane darajarsu, aka kuɓutar da saura, yanzu suna ajiye a Madrid. Matsalar karanta irin waɗannan littattafai ita ce, wanda ya san Larabci yana gane haruffa amma ba ya jin harshen, wanda ya san Sifaniyanci kuwa yana jin harshen amma bai san haruffan ba.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa Sifaniyanci bai samu matsayinsa don wata falala da aka halicce shi da ita ba. Ya yi aro a Ƙurɗuba, aka ɗora masa ilmi a Toledo, aka tsara masa nahawu a Salamanka, sannan hukuma ta share masa fage da ƙarfin doka a Garnaɗa. Wannan ɗabi'a ta danne harsuna ta sake bayyana a zamanin Janar Faranko, daga 1939 zuwa 1975, lokacin da aka takura wa Katalanci da Baskanci da Galishiyanci, kafin tsarin mulkin 1978 ya ba su matsayin harsunan hukuma a yankunansu.

Ga masu nazarin harsunan Nijeriya, darasin Toledo shi ne harshe yana bunƙasa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa na fassara da rubutun ilmi. Darasin Almonasid kuwa ya shafi rubutun Ajami. A Sifaniya doka ce ta raba littattafan da masu karanta su. A ƙasar Hausa babu irin wannan doka, amma tun da boko ya zama rubutun makaranta da ofis a farkon ƙarni na 20, takardun Ajami da yawa suna jibge a gafakoki da adakoki, gara da damina suna cin rabonsu. Aikin tattara su da tsara su da horar da ɗaliban da za su iya karanta su yana kan sassan koyar da harsuna na jami'o'i, tun masu iya karatun suna raye.