Yadda da'irar resista da kafasita ke karɓar bugun lantarki

Da'irar RC, kamar yadda injiniyoyi ke kiranta, haɗi ce ta resista da kafasita. Aikin resista shi ne rage gudun wutar lantarki, ana kuma auna ta da om. Ita kuwa kafasita tara caji take yi, ana auna ta da farad, sunan da aka ɗauko daga masanin kimiyya ɗan Ingila, Michael Faraday.

Bugun lantarki sigina ne da ke tashi farat ɗaya, ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya faɗi farat ɗaya. Kafasita ba ta iya bin wannan sauyi nan take. Tamkar randa ce da ake cikawa ta siririn bututu: sannu a hankali take cika, da sauri a farko, sannan saurin ya riƙa raguwa. Haka kuma take saukewa idan bugun ya wuce.

Ana gane tsawon wannan jinkiri ne idan aka ninka ƙimar resista da ta kafasita. Sakamakon shi ake kira tsayayyen lokaci, a daƙiƙa. Misali, resista mai om 10,000 da kafasita mai maikrofarad 100 suna ba da daƙiƙa 1. A cikin wannan lokaci kafasita kan kai kimanin kashi 63 cikin 100 na ƙarfin bugun, bayan ninki biyar kuwa takan haura kashi 99.

Siffar siginar da ke fita ta dogara ga wurin da aka ɗauke ta. Idan a kan kafasita ne, kuma tsayayyen lokacin ya fi bugun tsawo, siginar kan fito a lanƙwashe, babu kaifin tashi da faɗuwa. Idan a kan resista ne, kuma lokacin gajere ne ƙwarai, sai a sami tsini biyu: ɗaya sama yayin tashin bugun, ɗaya ƙasa yayin faɗuwarsa.

Da wannan ƙa'ida ake tace hayaniya daga sigina, da saita jinkiri a na'urori, ciki har da guntun 555 da kamfanin Signetics ya fitar a 1972.

Masu gyaran talabijin da inbata su lura: babbar kafasita na iya riƙe caji mai haɗari bayan an cire wuta. Wajibi ne a sauke cajin ta hanyar resista, a kuma auna da mita kafin a taɓa.